Goyon Suruki a Ingila

Mutane kan tambaye ni ko sanyi ne ya fi ba ni wuya a Ingila, ko abincinsu. Babu ko ɗaya. Kunya ce ta kusa kashe ni a ƙasar nan, kuma tun daga Katsina na taho da dalilinta, yana zaune kusa da ni a kujerar jirgi da rawaninsa da carbinsa. Surukina ke nan, Alhaji, mahaifin matata Hadiza, kuma mai injin matsar man gyaɗa da nake wa aiki a bayan Ƙofar Kaura.

Ni ne bakaniken injin. Tun da na auri Hadiza ban taɓa cin ko ɓarin goro a gaban Alhaji ba, ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. Shi ma haka, don ita ce 'yarsa ta fari. Duk maganar aiki ta hannun ƙanensa Malam Sani take bi. In inji na son mai, sai in gaya wa Malam Sani, shi kuma ya juya ya gaya wa Alhaji, ko da kuwa mu ukun muna tsaye a rumfa ɗaya. Haka muka zauna shekara da shekaru, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

A shekarun nan da kuɗin fetur ya yi ambaliya, kowane ma'aikaci ya sayi babur da rediyo, sai babban faifan haƙora na injinmu ya karye. Wani faifan ƙarfe ne mai faɗin faranti, mai nauyi, haƙoransa ne ke juya sandar da ke matse gyaɗa. Kuma ya tashi karyewa da kaka, sito cike da buhuna, leburori sun baro ƙauyukansu sun zo suna zaune a gindin bishiyar bedi suna kallonmu. Muka nema a Kano da Kaduna da Ikko, babu. Aka yi odarsa ta ruwa, sai aka ce jiragen siminti sun toshe tashar Ikko, sai dai mu sa rai baɗi. Gyaɗa ta fara ƙwari. Alhaji ya ce ba zai zauna yana kallon dukiya tana zama gari ba, zai je inda aka ƙera injin ya ɗauko da hannunsa.

Mu uku aka shirya: Alhaji mai kuɗi, ni mai sanin ƙarfe da ɗan guntun Turanci, sai Malam Sani mai kai magana. A filin jirgin Kano aka mayar da Malam Sani, wai katin allurarsa bai cika ba. Ina hango shi yana ɗaga mana hannu, na ji kamar an cire mini harshe an bar shi a Kano.

Muna cikin sama wata Baturiya ta kawo abinci, shinkafa da kaza, ta ajiye mana kowa da farantinsa. Alhaji ya juya yana kallon taga, ni kuma na ƙura wa bayan kujera ido. Kajin nan suka huce a gabanmu har Baturiyar ta dawo ta kwashe, tana tambayata ko ba mu da lafiya ne. Na ce lafiyarmu ƙalau.

A Landan muka fara gamuwa da jarrabawa. Baturen da ke duba fasfo ya ga Alhaji ba ya jin Turanci, sai ya juyo kaina.

“Wannan wane ne a wurinka? Mene ne sunansa?”

Na nuna masa fasfon da yatsa. Ya ce ya iya karatu, daga bakina yake son ji. Ga layi a bayanmu, ga Alhaji kafaɗa da kafaɗa da ni. Na faɗa can ƙasa-ƙasa. Ya ce bai ji ba. Na ɗaga murya na ambaci sunan surukina gaba ɗayansa, har da na mahaifinsa, a tsakiyar jama'a, kamar mai kiran yaro. Alhaji ya yi gyaran murya ya ɗaga kai yana duban fitilun rufi. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga a garin da kowa ke rawar ɗari. Har yau da nake wannan rubutu ba zan sa sunan a takarda ba.

Da babu Malam Sani, sai muka ƙirƙiro tamu hanyar. Alhaji yakan dubi buta ko bango ya ce, “A duba ko azahar ta yi.” Ni kuma in dubi ƙasa in ce, “An duba, ta yi.” Ɗaki ɗaya muka samu a masauki, mai gadaje biyu. Ban iya hawa gado ina miƙe ƙafa a gabansa ba, sai na shimfiɗa kwat ɗina a bakin ƙofa. Abinci kuwa in kawo masa in fita. Nawa a kan matakala nake ci, a tsaye, kilishi da dakuwar da Hadiza ta ƙulla mini, ina ci ina waige kamar ɓarawo. Wata rana wata tsohuwar Baturiya da ke ɗakin ƙasa ta ishe ni haka, ta koma ta kawo mini shayi da burodi, tana ta girgiza kai. Na lura ta ɗauka ni bawa ne, maigidana yana hana ni abinci. Na rasa Turancin da zan wanke Alhaji da shi, wannan ma ya zama wata kunyar.

Daga Landan muka hau jirgin ƙasa zuwa wani gari na bakin teku can arewa, inda kamfanin da ya ƙera injin yake. Na goyo tsohon faifanmu a cikin buhu don samfur. Wani saurayi mai taye ya buɗe buhun, ya leƙa, ya yi dariya ya kira abokansa su zo su gani. Ya ce rabonsu da yin irin wannan tun bai shiga makaranta ba. Ya ce ai mu 'yan Nijeriya yanzu kuɗi gare mu, mu sayi sabon inji mana, a sa mana a jirgin ruwa. Na fassara wa bango. Alhaji ya ce, “A hwaɗa mashi gyaɗata ba ta san jirgin ruwa ba.” Wani dattijo mai shara ne ya biyo mu har bakin ƙofa ya ce mu gwada Bamingam, can akwai masu sayar da tsofaffin injuna.

A Bamingam Allah ya haɗa mu da Malam Bashir, wani dattijo Bafakistane mai ba da hayar ɗakuna. A bakin masallaci ya gan mu da buhu da buta, ya ɗauke mu zuwa gidansa ba tare da dogon bincike ba. Gidan siriri ne mai bene, ɗakinmu a sama, makewayi kuwa can a bayan gida cikin sanyi. A nan na fara jin ƙamshin albasa da yaji tun barina gida, har ƙwalla ta zo mini, na ce hayaƙi ne.

Muka yi ta bin filayen tsofaffin ƙarafa cikin yayyafi, wannan ya tura mu wurin wancan. Daga ƙarshe muka faɗa hannun wani jibgegen Bature mai jan wuya. Ya dubi samfurinmu, ya dubi babbar rigar Alhaji da agogonsa, ya ce mu dawo kashegari. Da muka koma ya fito da faifai yana ƙyalli, an shafe shi da baƙin fenti da giris. Na gwada shi da namu, faɗi ɗaya, haƙora ɗaya, ramin tsakiya ɗaya. Alhaji ya shafa shi kamar mai shafa kan jariri.

“Alhamdu lillahi. Shi ne kau. Wahala ta ƙare.”

Ya miƙa wa Baturen hannu suka gaisa, ciniki ya faɗa ke nan.

Mu bakanikai muna da al'ada, ba ma karɓar ƙarfe sai mun ji kukansa, kamar yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa. Lafiyayyen ƙarfe in ka rataye shi ka buga masa sifana, ƙara yake yi doguwa. Na zura igiya a ramin faifan kamar mai shirin ɗauka, na ɗaga shi, na zaro ƙaramar sifana daga aljihu na ɗan buga. Ya ce ƙwal, ya yi shiru. Na sake bugawa a wani gefen, haka. Faifan nan a tsage yake, an liƙe bakin tsagar da walda an rufe da fenti. In muka kai shi Katsina zai yi 'yan kwanaki yana juyawa, sannan ya tarwatse a cikin inji ya kwashe sauran haƙoran, in ma bai tsinke ya sami wani lebura ba.

Abin da ya rage in buɗe baki in ce, “Baba, ƙarfen nan a tsage yake, kada a saya.” Shi ke nan. Amma Alhaji ya riga ya ce shi ne, ya faɗa a gaban baƙo, ya ba da hannu. In ƙaryata surukina ido da ido? Na waiga dama da hagu, wallahi Malam Sani nake nema a tsakiyar Bamingam. Na buɗe baki na ce, “An... wai an ce...” Alhaji ya dubi wani tulin tayoyi ya ce, “A ɗauka mu tahi,” ya sa hannu a aljihu zai biya.

A nan ne wata dabara ta zo mini, irin wadda ba ta zuwa wa mai hankali. Na ce a raina gara a ce ni sakarai ne mai sakin kaya da a ce na mayar wa Alhaji magana. Daɓen wurin siminti ne. In faifan ya faɗi zai rabe, kowa ya ga cikinsa, ni ban ce komai ba. Na ɗaga shi har ƙirji, na yi kamar santsin giris ya kwashe ni, na sake shi.

Ya rabe biyu kamar yadda na zata. Abin da ban zata ba shi ne babban ɓarin ya yi tsalle ya sauka a kan ƙafar Alhaji ta hagu, shi kuwa ɗan takalmi sau-ciki ne a ƙafarsa.

Bai yi ihu ba. Ya ce, “Inna lillahi,” ya zauna daɓas a cikin baƙin mai, rawaninsa ya warware ya faɗi. Ran nan na fara ganin kan surukina, ashe sanƙo gare shi. Na tsaya sandare da igiya a hannu, ina roƙon Allah ƙasa ta tsage in shige.

Baturen ya hau hayaniya, wai mun fasa masa kaya sai mun biya. Alhaji, yana zaune a ƙasa jini na fita ta takalmi, ya jawo ɓarin da ya buge shi ya juya shi. Mutum ne da ya tashi yana fasa gyaɗa da haƙori don ya ga cikinta. Cikin karayar ja wur yake da tsatsa, sai ɗan siririn baki mai haske inda aka yi waldar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago, karo na farko tun da na zama surukinsa, ya dube ni a fuska.

“Ka sani?”

Na sunkuyar da kai.

“To. Hwaɗa wa ja'irin nan tsohon ciwo ne a ƙarhensa. Ka ce mashi in yana son biya, ya kira ɗan sanda ya zo ya ga tsatsar, ya ga ƙahwata.”

Na faɗa, kuma ran nan Turancina ya fita tar. Baturen ya dubi tsatsa, ya dubi jini, ya yi laushi. Da motarsa ya kai mu asibiti, ya sauke mu a bakin ƙofa ya gudu.

Yatsu biyu suka karye, da wani ƙashi a bayansu. Aka ɗaure ƙafar da farin filasta har ƙauri, aka ce kada ya taka. Malamar asibitin ta tambaye ni ko ni ɗansa ne. Na rasa yadda zan ce, na ce i.

Da muka koma masauki muka tsaya a gindin matakala, siririya ce mai tsayi, mutum biyu ba sa jerawa. Malam Bashir tsoho ne, ba zai iya ba. Ya dube ni ya buga bayansa da hannu, wato in goya Alhaji. Na dubi Alhaji, Alhaji ya dubi bango. Can ya ce, “A duƙa.” Na duƙa. Surukina, mutumin da nake tuɓe takalmi in na hango shi tun daga nesa, ya hau bayana ya riƙe wuyana, gemunsa yana sukar kunnena, ina jin numfashinsa. Ban san yadda na kai sama ba.

Kuma ba sau ɗaya aka yi a gama ba, tunda makewayi yana ƙasa. Kullum in sauko da shi in tsaya a bakin ƙofa da buta, in mayar da shi. Ni ke zuba masa ruwan alwala, in wanke masa ƙafar dama da hannuna. Ranar da ya buƙaci wanka ni na cuɗa masa baya, na rufe ido, sabulu yana ta suɓuce mini. Duk wannan ba wanda ya ce wa wani uffan a kan abin da ya faru.

Wata safiya matar Malam Bashir ta aiko da shinkafa da miyar kaza. Na ajiye masa na juya zan fita matakala.

“Lawal.”

Na tsaya cik. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

“Zauna ka sa hannu. Nan ba Katsina ba ce. Ka goye ni, ka ga sanƙona, ka ga abin da ya hi sanƙo. Loma ce za ta gagare mu?”

Na durƙusa a gefen kwanon.

“Kana tsammani kai kaɗai ke jin yunwa? Tunda muka taso ban ƙoshi ba. In ka hita sai in ji kamar kana bayan ƙohwa kana jin taunata.” Ya kai loma, ya haɗiye. “Amma kai ɗin nan, da ka buɗe baki, da ƙahwata na nan lahiya.”

Na ce, “Haka ne, Baba.” Ya yi dariya har ƙafar ta motsa ya ce wash. Ni ban iya dariyar ba, hawaye ne suke ɗiga cikin shinkafa, ina ci.

Malam Bashir ne ya fitar da mu. Da ya ga tsohon faifanmu ya ce me ya sa ba mu faɗa masa tun farko ba. Wani ɗan'uwansa yana da ɗan wurin aiki a bayan tashar jirgi, inda suke yanka haƙora a sabon ƙarfe in an ba su samfur. Na riƙa zuwa ina tsayawa a kansu har suka gama. Da na kawo shi ɗaki, Alhaji ya janye lafiyayyar ƙafarsa can ƙarƙashin bargo.

“Buga mu ji. Kuma abin da ka ji ka hwaɗa da baki. Guda ɗaya ta rage mani.”

Na rataye shi a igiya na buga. Ya ɗauki ƙara siririya mai tsawo, ta cika ɗakin, har Malam Bashir ya leƙo. Na ce, “Lafiyayye ne, Baba.”

A jirgin dawowa mun ci kajinmu tas, har ya miƙo mini nasa burodin. Amma muna sauka Kano, muka hango Malam Sani yana jiran mu, sai na ji Alhaji ya zare hannunsa daga kafaɗata ya karɓi sanda. Ya dubi ƙanensa ya ce, “A hwaɗa wa yaron nan ya kula da kaya.” Na dubi ƙasa na ce an ji.

Faifan ya zauna daram. Muka ceci mafi yawan gyaɗar, leburori suka tashi daga gindin bedi. Masu zuwa sannu da zuwa suka yi ta tambayar ƙafa, Alhaji ya ce santsin ƙanƙara ne ya kayar da shi, ƙasar ba ta da kirki. Har Hadiza haka ya gaya mata. Ya ci gaba da ɗingishi sauran rayuwarsa, ni kuma duk sanda na hango shi yana tahowa yana jan ƙafar nan, sai in ji kamar in koma cikin inji in ɓuya. Ba mu sake cin abinci tare ba, bai kuma sake kiran sunana ba.

Shekaru suka wuce, injin ma ya tsufa aka daina aiki da shi. Ranar da Alhaji ya rasu ina zaune can ƙarshen tabarma a ƙofar gida, inda ya dace suruki ya zauna, sai Malam Sani ya fito ya tsaya a kaina.

“Tashi, Lawal. Ya bar wasiyya kai za ka yi mashi wanka.”

Na ce, “Ni, Malam? Ga 'ya'yansa maza, ga liman?”

“Haka muka ce mashi. Ya ce kai ka iya, kuma ba ya son wani ya gan shi bayan kai.”

Na shiga. Malam Sani yana zuba ruwa ina wankewa, a hankali, kamar yadda na yi a ɗakin nan na Bamingam, sai dai wannan karon idona a buɗe. Da na zo ƙafar hagu na ga yatsun nan biyu a karkace, ɗaya ya hau kan ɗaya, na riƙe su na kasa ci gaba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, “Baba, ƙarfen nan a tsage yake, kada a saya.”

Malam Sani ya tsayar da buta yana dubana.

“Me ka ce? In hwaɗa wa wa?”

Na ce, “Ba kowa, Malam. Wannan tawa ce, na kai da kaina. Zuba ruwa.”